Furen Abarba a Lambun Kaduna: Shuka, Raino da Barcin Rani

Furen abarba ba ya haifar abarba, kuma ba danginta ba ne. Kama ce kawai ta jawo masa sunan. Shuka ce mai albasa a ƙarƙashin ƙasa. Ganyenta dogaye ne masu faɗi, suna fitowa a kewaye kamar an jera su a kan faifai, sai kara guda mai kauri ya taso daga tsakiya ɗauke da zangarniya irin ta gero, cike da ƙananan furanni masu siffar tauraro, a samanta kuma ga tukkun ganye. Tukkun nan ne ke sa wanda ya hango ta daga nesa ya ɗauka ƙaramar abarba ce aka soke a kan sanda. Masana tsirrai suna kiranta Eucomis, sunan da wani Bafaranshe mai suna L'Héritier ya raɗa mata a ƙarshen ƙarni na sha takwas, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin kyakkyawan gashi. A dajinmu, albasar kura ce 'yar uwarta ta kusa.

Asalinta kudancin Afirka: Afirka ta Kudu, Lesotho, Eswatini, Zimbabwe har zuwa Malawi. Yawancin ire-irenta suna fitowa ne a filayen ciyawa da gangaren duwatsu irin na Drakensberg, inda ruwa ke sauka a watannin zafi, lokacin sanyi kuma ƙasa ta bushe. Shukar ta saba da wannan zagaye: ta sha ruwa ta yi ganye da fure, ruwa ya ɗauke ta kwanta barci. Damina da ranin Kaduna haka suke tafiya, shi ya sa aikinta a nan bai kai wahalar da ake zato ba. Yawancin bayanan da ake samu a intanet an rubuta su ne don masu lambun Ingila da Amurka, waɗanda babbar fargabarsu ƙanƙara ce. Mu ba mu da wannan. Abin da ke kashe ta a Kaduna uku ne: ruwan marka idan ya kwanta a gindinta, tiyon mai ban ruwa da rani, da zafin bazara idan an bar tukunya a rana.

Wane iri, kuma daga ina

Ire-iren Eucomis sun haura goma, ba duka ne za su ji daɗin garinmu ba. Eucomis comosa ce ta fi dacewa da mai farawa. Tana kai santimita 60 zuwa 90, furenta fari ne mai sirkin hoda ko shunayya, da ɗan ƙamshi, kuma tana da juriya. Daga cikinta aka fitar da Sparkling Burgundy, mai ganye ja-ja mai duhu kamar ruwan zoɓo. Eucomis autumnalis ta fi ta gajarta, santimita 30 zuwa 50, furenta fari mai ratsin kore, karanta kuma bai cika faɗuwa ba. Eucomis zambesiaca ƙarama ce, fara sol, ta dace da tukunya. Akwai ƙatuwar cikinsu, pole-evansii, wadda kan kai tsawon mutum, amma sai an tokare ta, kuma guguwar farkon damina ba ta raga mata.

Biyu ne za a yi hattara da su. Eucomis bicolor kyakkyawa ce ƙwarai, furenta kore mai bakin shunayya, amma 'yar kan dutse ce mai son sanyi, ta fi dacewa da Jos a kan Kaduna. Ban da haka furenta yana wari, don ƙudaje ne ke yi masa barbara, saboda haka ba abin ajiyewa a bakin taga ba ne. Ita kuwa Eucomis regia daga yankin da ruwa ke sauka lokacin sanyi ta fito, kalandarta a juye take da tamu. A bar ta.

Ba fure ba ne da ake samu a kowace rumfar masu sayar da furanni a bakin titi. A tambaye su da hoto a waya, don sunan ba kowa ya san shi ba, a kuma nemi masu harkar furanni na Jos da Abuja. Wanda zai sayo daga waje ya sani cewa shigo da tsirrai yana bukatar izinin NAQS, hukumar da ke tantance tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su Najeriya, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka sayo. Ya kuma lura da inda albasar ta fito. Ta Turai, musamman ta Holan, ana sayar da ita tana barci tsakanin Fabrairu da Afrilu, ta iso daidai da shirin damina. Ta Afirka ta Kudu kuwa tana barci ne daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da muke tsakiyar ruwa. Idan irin wannan ta zo hannu, a shuka ta a tukunya da zarar ta iso, a ci gaba da ba ta ruwa har wajen Janairu, sannan a busar da ita a tashe ta a Mayu. Takan ɗauki shekara ɗaya ko biyu kafin ta daidaita da kalandarmu, kuma mai yiwuwa ta tsallake fure a tsakani.

Wajen zaɓe, a ɗauki albasar a hannu. Ta kasance da nauyi da tauri kamar albasar miya mai kyau, faɗinta ya kai santimita 5 zuwa sama idan ana son fure a shekarar farko. A danna gindinta, wato faifan da saiwa ke fita: in ya lotsa, ko akwai fumfuna, ko tana tsami, a ajiye. Kafin lokacin shuka a adana ta a kwando ko jakar takarda a ɗaki mai iska. Leda tana sa ta gumi ta ruɓe, kuma ba ta bukatar firji.

Gargaɗi tun yanzu: albasar nan guba ce idan aka ci, ga ta kuma da kama da ta miya. Kada a ajiye ta a kicin ko inda yara ke kaiwa. Ruwanta yana sa wasu ƙaiƙayi, don haka a wanke hannu bayan an yanka ta. Gaskiya ne masu maganin gargajiya na Zulu suna amfani da ita, har haƙarta ya rage yawanta a dajinsu, amma wannan ba dalilin gwadawa a gida ba ne.

Wuri da ƙasa

Littattafan Turawa suna cewa a sa ta a cikakkiyar rana. Ranarsu daban, tamu daban. A Kaduna abin da take so shi ne hantsi: rana daga fitowarta zuwa wajen sha ɗaya ko sha biyu, daga azahar kuma inuwa. Gabashin katanga ko gabashin ɗaki shi ne wurin da ya fi. Ranar la'asar tana ƙona bakin ganye, inuwa mai duhu irin ta ƙarƙashin mangwaro kuma tana sa ganye ya yi tsawo ya yi laushi, kara ya karkace yana neman haske, fure ya ƙi zuwa. Masu jan ganye sun fi bukatar haske, in ya yi musu kaɗan sai su koma kore. Ko a rana ma jan yakan ɗan dusashe idan damina ta yi nisa, wannan ɗabi'arsu ce, ba cuta ba ce.

A ɗaga kai a dubi rufi kafin a haƙa. Duk inda bakin kwano ko indararo ke zubar da ruwa ba wurinta ba ne.

Sai gwajin ƙasa, wanda mutane da yawa ke tsallakewa su yi da-na-sani a Agusta. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a bari ya tsane, a sake cikawa. Idan cikawa ta biyu ta shanye cikin awa uku zuwa huɗu, ƙasar ta yi. Idan aka wayi gari da ruwa a ramin, akwai laka ko marmara a ƙasa, kuma albasa ba za ta kai kaka a nan ba. Wannan ya zama ruwan dare a gidajen da aka cike filinsu da jar ƙasa lokacin gini, da unguwannin da ke gangaren kogin Kaduna. Maganinsa ba zurfafa rami ba ne, don rami a cikin laka randa ce kawai. A ɗaga kunya sama da ƙasa, santimita 20 zuwa 25, a tare gefenta da bulo ko duwatsu, a bar 'yan kafofi don ruwa ya fita.

Haɗin ƙasar kunya da ta tukunya ɗaya ne. Da bokitin fenti za a auna: biyu na baƙar ƙasa, ɗaya na yashin kogi mai kaushi, ɗaya na taki da ya ruɓe sarai. Yashin ya zama mai tsakuwa-tsakuwa irin na buga bulo. Yashin filasta mai laushi idan ya haɗu da laka ƙara toshe ƙasa yake yi. Takin shanu ko na awaki wanda ya kwana damina, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba ya wari, shi ake so. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen kashin shanu kuma yana kiran gara. Idan akwai garin gawayi a zuba tafi biyu ko uku a kowane bokiti huɗu na haɗin, yana buɗe ƙasa. Toka kuwa kaɗan-kaɗan. A haɗa ƙasar mako biyu kafin shuka, a jiƙa ta ta zauna.

Ga mai tukunya: ta ƙasa ta fi ta roba, tana numfashi kuma ba ta ɗaukar zafi kamar baƙar roba. Mai faɗi da zurfin santimita 25 zuwa 30 ta ishi babbar albasa ɗaya, mai santimita 40 za ta ɗauki uku. A tabbata akwai huda aƙalla uku masu faɗin ɗan yatsa a gindinta. Mai tukwane zai iya hudawa kafin a ɗauko, ya fi a zo gida a fasa ta da ƙusa.

Ranar shuka

Kada yayyafin Afrilu ya ruɗi mai lambu. Ruwa kan sauka sau ɗaya ko biyu ya ɗauke na makonni, ƙasa ta koma zafi kamar tanda, albasar da ta fara saiwa ta dahu a ciki. A jira ruwan shuka na gaske, lokacin da manoma ke fita da masara, wato daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni. Mai tukunya da ke da ruwa a gida zai iya farawa a ƙarshen Afrilu a ƙarƙashin rumfa.

A haƙa rami yadda idan albasa ta zauna za a samu ƙasa santimita 8 zuwa 10 a kanta. A ƙasashen sanyi suna kai ta santimita 15 don gudun ƙanƙara. A nan zurfin ya wuce haka ruwa yake tara mata, ya gaza haka kuma zafi ya same ta da bazara. A zuba tafi ɗaya na yashi a gindin ramin, a ɗora albasar tsininta sama, faifan saiwa ƙasa, a ɗan murza ta ta zauna, a rufe ba tare da an tattake ba. Tsakanin albasa da albasa santimita 25 zuwa 30, manyan iri 45. Sun fi kyau a rukuni na uku ko biyar a kan a jere su layi ɗaya kamar sojoji. A tukunya ba a binne ta da zurfi: santimita 2 zuwa 3 a kan wuyanta ya isa.

A ranar ce kuma za a kafa sandar tokara ga dogayen iri. Gora mai tsawon mita ɗaya, tazarar yatsu huɗu daga albasa. Wanda ya bari sai kara ya fito yakan soke albasar da sandar bai sani ba, kuma ta wannan raunin ruɓa ke shiga. Sandar tana da wani amfani: ita ce alamar inda albasa take idan ganye ya bushe.

A ba ta ruwa sau ɗaya ya jiƙa ƙasa sosai, daga nan a janye hannu. Albasar da ba ta da ganye ba ta shan ruwa, zama kawai take a cikinsa. Kuma tana da nawa wajen fitowa, mako uku zuwa shida ba abin mamaki ba ne. Kada a tono ta don a duba, saiwarta ta farko tana da saurin karyewa.

Cikin damina

Da ganye ya fito halinta ya canza, ta zama mai ƙishi. Idan ruwa ya yi fashin kwana biyar ko fiye, kamar yadda yakan yi a Yuni, a tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In a bushe take a shayar da safe, a gindi, ba a tsakiyar ganye ba. Tukunya tana bushewa da sauri, a duba ta kowane kwana biyu. Ƙishi a lokacin da zangarniya ke haɗuwa shi ke kawo gajeren kara da fure tsilli-tsilli.

Takin zamani sau biyu ya isa. Na farko idan ganye ya kai tsawon tafin hannu, na biyu idan aka hango tukku ya leƙo daga tsakiya. Kowane karo cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK 15-15-15 ga kowace shuka, wajen giram 5 zuwa 6 ke nan. A zagaya shi nesa da wuya da santimita 10, a rufe da ƙasa, a yi hakan ƙasa na da danshi. A tukunya rabin murfi. Yuriya ba ta da wuri a nan: za ta ba da ganye kore shar mai ruwa-ruwa wanda ke kwanciya a ƙasa, kara ya yi laushi, albasa ta yi saurin ruɓa. Daga tsakiyar Satumba a daina taki gaba ɗaya.

A lulluɓe ƙasa da busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa kaurin yatsu biyu, a bar fili kewaye da wuyan shukar. Lulluɓin yana hana ruwan sama fantsama jar ƙasa a ganye, yana rage ciyawa. Inda gara ta yi yawa a yi amfani da tsakuwa a maimakonsa. Ciyawa da hannu ake cire ta, fartanya tana sare saiwa.

Albasar da aka shuka a ƙarshen Mayu takan yi fure tsakanin Agusta da Satumba. Furannin suna buɗewa daga ƙasan zangarniya zuwa sama, kuma sukan yi mako shida ko fiye ana kallo. Bayan sun wuce, kwanson irin da ke biyo baya shi ma ado ne. Idan kara ya fara nauyi a ɗaure shi da sandar da tsumma mai laushi, wuri biyu, sako-sako. Waya ko igiyar leda tana yanka shi. Wanda ke son sa shi a ɗaki ya yanke da sassafe lokacin da kashi ɗaya cikin uku na furannin suka buɗe, ya riƙa canza ruwan kwalbar kowane kwana biyu yana datse ƙasan karan kaɗan. Yakan yi mako biyu zuwa uku.

Agusta ce jarrabawa. Idan marka ta kama, aka kwana biyu ko uku ana ruwa, a fita a duba. Tukwane su hau kan bulo biyu yadda hudar ba ta taɓa ƙasa, a cire duk wani faranti da ke ƙarƙashinsu. Idan ruwa ya tsaya a saman tukunya fiye da 'yan mintoci, hudar ta toshe, a zura kara ta ƙasa a buɗe. A kunya kuma a share hanyar ruwa da ke gefenta.

Alamar ruɓa ita ce ganyen tsakiya ya yi rawaya ya yi laushi alhali ƙasa na jiƙe, in an ja shi ya zare cikin sauƙi da wari. Kuskuren da ake yi shi ne a ga ya yi yaushi a ƙara masa ruwa. A tono albasar nan take, a wanke, a yanke duk inda ya yi ruwan ƙasa da wuƙa mai tsabta har sai an kai farin nama. A barbaɗa garin farar wuta ko maganin fumfuna irin Mancozeb a raunin, in babu a sa toka, a shanya a inuwa kwana huɗu ko biyar, a sake dasawa a sabuwar ƙasa mai yashi da yawa. Idan ruɓar ta cinye faifan gindi babu sauran magani, a jefar da ita da ƙasar da ke kewaye da ita, kada a zuba a juji.

Masu ɓarna

Dodon koɗi ne na farko. Yana fitowa da dare ya huda sabon ganye tun yana naɗe, idan ganyen ya buɗe sai a ga huda a jere. A zagaya da tocila bayan isha'i a tsince, ko a kife ɓawon kankana kusa da shukar a ɗaga da safe a kwashe waɗanda suka taru.

Wadda ta fi haɗari wata tsutsa ce baƙa mai ɗigon fari da rawaya, wadda ke cin gadali da sauran masu albasa. Tana shiga cikin naman ganye ta bi shi ƙasa har albasa. Idan aka ga wani sashe na ganye ya zama kamar leda, ana hango duhu a ciki, a yanke ganyen daga ƙasan wurin a ƙona. A riƙa juya bayan ganye ana neman ƙwanta, waɗanda ke manne a gungu, a murje su. Gidan da ke da gadali ya fi bukatar wannan sa ido.

Farin ƙwaro mai kama da auduga yana ɓuya a matsen ganye da wuyan albasa, kuma tururuwa ce ke nuna inda yake. Shi da ƙananan fara ana korarsu da ruwan dogon yaro: a daka busassun 'ya'yansa giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma sau ɗaya a mako har sau uku. Ba a ajiye shi, kullum sabo ake haɗawa.

Awaki da kaji kuwa shinge ne maganinsu. Kaza ba ta cin shukar, amma tonon da take yi a ƙasa mai taki yana fito da albasa fili.

Idan shuka ta yi ganye lafiya amma ta ƙi fure, a bincika abubuwan nan bi da bi: ko albasar ba ta kai girman fure ba, ko inuwa ta yi yawa, ko an sa yuriya, ko an yanke ganyen bara tun yana kore, ko 'ya'ya sun cunkushe uwar, ko kuma ba a bar ta ta yi barci ba. Na ƙarshen nan ya fi yawa a gidajen da ake shayar da lambu duk shekara.

Barcin rani

Ruwa yakan ɗauke a Kaduna cikin Oktoba. Ganye zai ci gaba da zama kore na wasu makonni, kuma a wannan lokacin ne yake tura abinci cikin albasa don furen baɗi. Komai munin da ya yi, kada a yanke. A rage ruwa zuwa sau ɗaya a mako, sannan sau ɗaya a mako biyu, har ya yi rawaya da kansa cikin Nuwamba ko farkon Disamba. Idan ya bushe har yana zarewa da ɗan ja, a kwashe. Karan fure kuwa ana iya yanke shi tun da wuri idan ba a son iri, albasa ta huta da ciyar da shi.

Daga nan har Mayu, ko ɗigo. Wannan sai an faɗa wa duk mai riƙe tiyo a gidan, a kuma nuna masa sandunan, domin mai ban ruwa in ya ga kunya a bushe tausayi yake ji. Saboda haka ne ma bai kamata a shuka furen abarba a tsakiyar ciyawar ado ko kusa da wardi ba, waɗanda ke shan ruwa kullum da rani. A ba shi kunyarsa shi kaɗai, ko a haɗa shi da masu barci irinsa.

Albasar da ke cikin ƙasa a bar ta a wurinta, ba ta son yawan tono. A ƙara kaurin lulluɓi zuwa yatsu huɗu kafin Maris, lokacin da zafin rana ke haura digiri 35. Tukwane a kwashe su zuwa inuwa mai iska, ƙarƙashin rumfa ko baranda ta arewa. Baƙar roba a kan siminti da ranar Afrilu tana iya dafa albasa cikin 'yan kwanaki.

Tonowa sai da dalili: kunyar da ba za a iya hana ta ruwa ba, ko gara da ɓeraye sun matsa. In haka ne a tono bayan ganye ya bushe, a kakkaɓe ƙasa ba tare da wankewa ba, a bar busasshiyar saiwa a jiki, a shanya a inuwa mako ɗaya, a binne a busasshen yashi cikin kwali ko kwando. Iskar hunturu tana zuƙe albasar da aka bari tsirara. A duba sau ɗaya a wata, a ware duk wadda ta yi laushi. In an ga suna yamushewa a ɗan yayyafa ruwa a saman yashin, ba a jikinsu ba.

A farkon Mayu a kwashe tsohon lulluɓi, a zuba sabon ruɓaɓɓen taki kaurin yatsa biyu a saman kunya. A tukunya a kwashe santimita 5 na ƙasar sama a maye da sabon haɗi, a juye ta gaba ɗaya duk shekara biyu ko uku.

Yadda ake ninka ta

Hanya mafi sauƙi ita ce raba 'ya'ya. Duk shekara uku ko huɗu, a ƙarshen Afrilu kafin ta farka, a tono gungun da cokalin haƙa daga nesa, a ɓalle 'ya'yan da suka kai girman ƙwan kaza kuma suna da nasu faifan saiwa. Waɗanda ba su ɓallu da hannu ba a bar su jikin uwa. A sa toka a raunin, a bar su su sha iska kwana biyu, a shuka. Sukan yi fure bayan shekara ɗaya ko biyu.

Hanyar da ta fi ba da yawa, kuma mutane ba su cika saninta ba, ita ce ta ganye. A Yuli, lokacin da ganye ya ƙosa amma bai tsufa ba, a yanko ɗaya daga gindi, kada a wuce biyu a shuka guda. A yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace santimita 5 zuwa 7. Dole a san ƙasan kowace gunduwa, don in aka kifa ta ba za ta yi komai ba. Dabarar ita ce a yanke ƙasan da tsini kamar bakin mashi, saman kuma a miƙe. A bari yankan ya sha iska awa ɗaya ko biyu, a soka tsinin santimita 2 cikin yashi mai danshi a kasko mai huda, a ajiye a inuwa mai haske inda ruwan sama ba ya duka. Danshin daminarmu ya wadatar, ba sai an rufe da leda ba, rufewar ma ruɓa take jawowa. A yayyafa ruwa idan saman yashin ya bushe, a zare duk gunduwar da ta yi baƙi. Cikin mako shida zuwa takwas ƙananan albasu kamar ƙwayar wake za su fito a bakin yankan, sau da yawa fiye da ɗaya a gunduwa. Gunduwoyin ƙasan ganye sun fi na sama bayarwa. Waɗannan sukan kai fure a shekara ta uku, kuma suna fitowa sak uwarsu, har jan ganyen.

Iri shi ne hanyar mai haƙuri. A bar kwanso ya bushe a kan kara har ya fara tsagewa, a kwashe baƙaƙen ƙwayoyin masu sheƙi, a adana a ambulan zuwa Mayu. A shuka a kasko zurfin santimita 1, sukan tsiro cikin mako huɗu zuwa shida, fure kuwa sai shekara uku zuwa biyar. Irin da aka ɗiba daga Sparkling Burgundy da makamantanta ba lallai ya gado launin uwar ba, wasu za su fito kore.

Ƙananan albasun ganye da na iri su ne kaɗai dokar rani ba ta hau kansu gaba ɗaya ba. Ba su da jikin da zai ɗauke su wata biyar babu ruwa. A ranin farko a bar su cikin kaskonsu a inuwa, a ɗan jiƙa yashin sau ɗaya a mako biyu ko uku, gwargwadon yadda ba zai zama ƙura ba. Idan damina ta kankama a rarraba su a tukwane, tazarar yatsu uku tsakaninsu, zurfin santimita 2, a ba su kwatan murfin taki bayan wata ɗaya. Sai a rani na biyu za a busar da su kamar manya.